Mussa Ta Ci Lansir: Ganyen Ne Abin Tsoro, Ko Abin Da Aka Haɗa Shi Da Shi?

A azumin da ya wuce, saura kamar minti 20 a sha ruwa, ɗiyar ƙanena ta faɗo ɗakina a guje, hannuwanta duk ɗanyen ganye. Lansir take yankawa a tsakar gida, ta tashi ɗauko dakakken ƙuli-ƙuli, kafin ta dawo mussarta, wato kyanwarta, ta sa kai cikin faranti tana tauna.

"Gwaggo, ta ci lansir! Mi za mu yi? Mutuwa za ta yi?"

Na ce, "Kin riga kin zuba albasa?"

Ta ce a'a, ko gishiri ba ta kai ga sawa ba.

"To kwantar da hankalinki, ɗiyata, ba abin da zai same ta."

Muka fito muka tarar da mussar gindin randa, ta yi atishawa sau biyu, tana goge baki da ƙafar gaba. Da aka kira magariba tana nan tana zagaya tabarma kamar kullum, tana jiran ƙashin kifi.

Yarinyar ta yi mamakin tambayar da na yi mata, don ita ganye ta gani a bakin mussa, ni kuma ina cigiyar albasa. Na lura mutane da yawa a nan Birnin Kebbi haka suke kallon lamarin, musamman yanzu da 'yan mata da samari suka shiga kiwon kyanwa na sha'awa, har da masu dogon gashi da ake saye da tsada. Suna tsoron ganyen da ba ya kisa, suna kuma miƙa wa dabbar abin da zai iya kashe ta da hannunsu, cikin ƙauna.

Lansir ɗan gidan su kabeji ne. Masana tsirrai suna kiransa Lepidium sativum, kuma danginsu ɗaya da mustad da ganyen nan da Larabawa ke kira jarjir, Turawa kuma roket ko arugula, wanda ake sa wa a salak ɗin manyan otal. Irinsa shi ne habbatur rashad da ake samu wajen masu maganin Musulunci. Abin da ya haɗa 'yan wannan gida shi ne ɗan yajin nan mai hawa hanci. Duk wadda ta saba yanka lansir ta san cewa daminsa, in ba a taɓa shi ba, ƙamshinsa kaɗan ne. Sai wuƙa ta shiga sannan warin yajin ke tashi. Dalili kuwa, ganyen yana ajiye abubuwa biyu ne a ɗaki daban-daban: wani sinadari da ake kira gulukosinolet, da wani mai farfasa shi. Sai an yanka ko an tauna sannan su gauraya, su haifar da abin da ke yi wa harshe zafi. Makamin tsiron ke nan na korar tsutsa da fara. A bakin mutum ya zama daɗi. A bakin mussa, wadda nauyinta bai fi kilo 3 zuwa 4 ba, ya zama abin da ke sa ta atishawa ta ja da baya.

In ta daure ta ci da yawa, yajin yana iya ƙona mata ciki: ta yi amai, ko ta yi zawo na yini guda, ko miyau ya riƙa zubo mata. Ƙungiyar hana zaluntar dabbobi ta Amurka, ASPCA, wadda ke da dogon jerin tsirrai masu cutar da dabbobin gida, ta sa wani ɗan uwan lansir mai tsirowa a cikin ruwa a jerin nata, kuma abin da ta ce yana haddasawa ke nan: amai da zawo marasa tsanani. Ana kuma maganar cewa 'yan gidan kabeji suna iya taɓa halittar nan ta wuya wadda kumburinta ke kawo maƙoƙo, amma wannan sai an daɗe ana ci da yawa, kuma babu mussar da za ta zauna ta cinye damin lansir kullum. Ganye ɗaya ko biyu, wankakke, tsurarsa, ba abin tashin hankali ba ne. Latas ma ya fi shi sauƙi, kusan duk ruwa ne. Alayyahu ne zan ce a yi hankali da shi ga wadda ta taɓa samun matsalar fitsari, saboda yana da sinadarin da ke taimaka wa tsakuwa taruwa a mafitsara.

Sai dai rashin cutarwa daban, amfani daban. Na sha jin ana cewa, "Ai ganye yana ƙara jini, bari ita ma ta samu." Wannan lissafin jikin mutum ne aka ɗora wa dabbar da ba a gina ta haka ba. Ki buɗe bakin mussarki ki duba. Haƙora 30 ne, kuma babu ko ɗaya mai faɗin kai irin turamen akuya na niƙa. Duk masu kaifi ne, na baya suna haɗuwa kamar almakashi. Muƙamuƙinta sama da ƙasa kawai yake motsi, ba ya zuwa gefe. Hanjinta bai wuce ninki 4 na tsawon jikinta ba, alhali na tunkiya ya haura ninki 20. Mu in mun ci karas ko zogale, jikinmu yana juya abin da ke cikinsu ya zama bitamin A. Jikin mussa ba ya iya wannan juyin, sai ta same shi a shirye daga hanta ko ƙwai. A shekarar 2005 masu bincike a cibiyar Monell da ke Filadelfiya suka nuna cewa ko zaƙi ba ta ji, domin abin da ke karɓar ɗanɗanon sukari a harshe bai cika ba a jinsinta. Akwai kuma wani sinadari mai suna taurin, wanda ake samu a nama da kifi, babu shi a ganye. Rashinsa yana makantar da kyanwa a hankali, kuma a 1987 likitocin dabbobi a Jami'ar Kalifoniya da ke Debis suka gano shi ne ke sa zuciyarta ta buɗe ta saki, ta kasa tura jini. Bayan wannan binciken ne masu yin abincin kyanwa na gwangwani da na leda suka ƙara yawansa a kayansu.

Wani zai ce, to ai kakanninmu tuwo da miya suke zuba wa mussa, ta kuma yi shekaru. Gaskiya ne, amma waccan mussar tana kwana a gindin rumbu. Ɓera take ci, da ƙadangare, da fara, da ɗan tsuntsun da ya yi sake. Tuwon ƙari ne kawai. Ta yau an rufe ta a ɗaki mai tayil, ba ta fita, abin da aka zuba mata shi ne duniyarta. Hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwa yana yawan zuwa mini a nan, domin laifinta biyu aka ambata: ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta ci ƙananan halittun ƙasa ba. Wanda ya kulle dabba ya ɗauke mata farauta, nauyin sanin abin da jikinta ke bukata ya dawo wuyansa.

Yanzu ga inda haɗarin yake. Mu ba ma cin lansir tsurarsa. Kwaɗo muke yi, ɗatu kamar yadda muke cewa a nan: ƙuli-ƙuli, tumatir, attarugu, man gyaɗa, dunƙulen ɗanɗano, lemun tsami, da albasa mai yawa. In salak ne na biki, a yanka albasa zobe-zobe a jera a sama, a zuba kifin gwangwani da dafaffen ƙwai. Mu kuwa Kebbi albasa ba baƙuwa ba ce. Wanda ya bi hanyar Aliero ko Jega ko Yawuri a lokacin cire ta ya ga buhuna jere a bakin titi ana loda wa manyan motoci zuwa Kudu. Lokacin da take araha, wato ƙarshen sanyi zuwa farkon zafi, shi ne kuma lokacin da lansir da latas suke cika kasuwa daga fadama. Ga lawashi da ake yankawa a miya da ɗatu, ga gabu da ake dakawa a shanya a ajiye don damina. Kusan babu tukunyar da za a sauke a gidajenmu ba tare da ɗaya daga cikinsu ba.

Albasa, da lawashinta, da tafarnuwa, duk guba ne ga mussa. Suna ɗauke da sinadarai masu ƙibiritu, su ne ke sa ido hawaye, kuma in sun shiga jini sai su faɗa wa abin nan ja da ke cikin ƙwayoyin jini mai ɗaukar iska zuwa sassan jiki. Sukan ƙona shi ya dunƙule, ya manne a bangon ƙwayar kamar ƙanzo a gindin tukunya. Wani likita Bajamushe, Robert Heinz, shi ya fara bayyana waɗannan dunƙulallun a 1890, har yau kuma da sunansa ake kiransu. Ƙwayar da ta yi irin wannan tabon ba ta daɗewa, fashewa take yi ko jiki ya tsince ta ya zubar. In suka mutu da yawa a lokaci guda, jinin dabbar ya ƙare tana tsaye, ba tare da ko ɗigo ya zuba a ƙasa ba.

Me ya sa mu muke ci lafiya ita ba ta iyawa? A jikin wannan jan sinadarin akwai wasu gurabe masu rauni inda gubar ke kamawa. Na mutum 2 ne, na kare 4, na kyanwa 8. Shi ya sa ta fi kare saurin kamuwa, ta kuma fi mu nesa ba kusa ba. Littattafan likitancin dabbobi suna cewa giram 5 na albasa a kan kowane kilo na nauyinta ya isa ya fara ɓata jini. Ga mussa mai kilo 3, giram 15 ke nan, abin da bai kai cokali biyu na yankakkiyar albasa ba. Tafarnuwa ta fi ƙarfi ninki 3 zuwa 5. Dafuwa ba ta kashe gubar, suya ba ta kashe ta, shanya ma ba ta kashe ta. Busasshiya da garinta sun fi ɗanya haɗari, tunda ruwan ya tafi ya bar ƙarfin a dunƙule. Wannan ya shafi gabu, ya shafi yajin tsire da na kilishi, ya shafi romon da aka tafasa nama da albasa a ciki ko da an tsame ta. Kuma ba sai an ci a zama ɗaya ba. Kaɗan yau, kaɗan gobe, ɓarnar taruwa take yi, domin jiki bai gama maye ƙwayoyin jiya ba na yau suka mutu.

Mussa da kanta ba kasafai take kusantar ɗanyar albasa ba, warinta yana korar ta. Mu ne muke ɓoye mata ita. Man kifin gwangwani ya jiƙa zoben albasa, miyar nama ta narkar da ita, sai hancin da Allah ya ba ta don ya kare ta ya ji kifi kawai.

Na san wannan ne ta hanya mai ciwo. Shekarun baya a gidanmu na Jega, Inna tana da wani jan muzuru da ya kai shekara 6 a hannunta, wanda ba ya cin abinci sai a gefen tabarmarta. Aka yi bikin ƙanwata, kwana uku ana salak da soyayyen nama, duk kwanon da aka sauke sai a tura masa ya suɗe. Biki ya watse lafiya, shi ma lafiya. Sai a rana ta uku bayan nan muka ga bai fito ba. Na same shi bayan buhunan shinkafa a kwance, yana numfashi sama-sama kamar wanda ya yi gudu. Inda ya yi fitsari a kan siminti ya bar tabo kalar shayin da ba madara. Da muka kai shi wajen likitan dabbobi, abin da ya fara yi shi ne ɗaga masa leɓe. Dasashin da ya kamata ya zama ja-ja ya koma fari fat, da ɗan rawaya a gefe.

Ya ce, "Hajiya, mi yac ci kwanakin nan? Akwai albasa ciki?"

Inna ta ce, "Likita, ai yau kwana ukku ke nan da aka gama biki. Jiya ko ruwa bai sha ba."

Ya ce ai haka gubar albasa take, ba ta nunawa nan take. Ya yi abin da zai iya, ya sa masa ruwa, amma muzurun bai kwana ba. A gida kowa da abin da ya faɗa: wasu suka ce ɓera mai guba ya ci, wata ta ce baki ne, wata ta ce ganyen salak ne bai karɓe shi ba. Babu wanda ya yarda da maganar albasa, domin a tunaninmu guba ita ce abin da ke kayar da dabba nan take. Wannan jinkirin shi ne mugun halin albasa. Ana iya ganin amai a ranar farko, amma ƙarewar jinin sai bayan kwana biyu zuwa biyar take bayyana, lokacin an wanke kwanoni an manta da abin da aka ci. Ina zargin mussoshi da yawa sun tafi a haka a garuruwanmu, aka ɗora wa wani abu laifin.

Abu na biyu da ke raka ganye zuwa gida shi ne feshi. Mai lambu a fadama yana fama da tsutsa, kuma ba na ganin laifinsa in ya nemi kare guminsa. Amma kowace kwalbar maganin ƙwari tana da kwanakin da aka rubuta a jira tsakanin feshi da yanka, kuma ba kowa ne ke jira ba in kasuwa ta yi kyau. Fiya-fiya da muke fesawa a ɗaki saboda sauro da kyankyaso, sinadarin da ke cikinsa, dikulobos, shi ne wanda aka samu ya yi yawa a wakenmu har Tarayyar Turai ta hana shigar da shi a 2015, kuma a 2019 hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna. Ragowar da babban mutum zai ci a ganye bai ji komai ba, lissafinta daban ne a jiki mai kilo 3. Ga kuma wani rauni da mussa ke da shi: hantarta ba ta da isasshen abin da hantarmu ke amfani da shi wajen ɗaure wasu guba ta fitar da su ta fitsari, sai su daɗe suna yawo a jikinta. Ƙari a kan haka ita mai lasar jiki ce. Abin da ta taka a ƙasa, ko ya sauka a gashinta, a cikinta zai kwana. Alamar gubar feshi ba ta jira kamar ta albasa. Cikin mintuna ko 'yan sa'o'i za a ga dalala tana zuba, jiki yana karkarwa, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi yana sarƙewa. Wannan ba a kwana da shi a gida. Haka ma maganin kaska da ƙuma na karnuka mai sinadarin famitirin: ɗigon da kare zai ɗauka lafiya yana sa mussa farfaɗiya.

Wannan raunin hantar ne ya kawo ni ga abin da na fi roƙon mutane a kansa. In mussa ta yi amai bayan ta ci ganye, kada a ba ta farasitamol. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 tana iya kashe babbar kyanwa: jininta ya koma kalar ruwan ƙasa, fuska da tafin ƙafa su kumbura, dasashi ya yi duhu. Na ga masu raba ƙwayar huɗu suna cewa ai kaɗan ce. Babu kaɗan a nan. Kada kuma a ɗura mata manja ko madara ko ruwan gishiri don ta amayar. Dabbar da ke fizge-fizge tana iya shaƙar man ya faɗa huhu, gishirin kuma shi kansa guba ne in ya yi yawa. In lansir ne kawai ta ci, a ajiye mata ruwa mai kyau, a ɗan jinkirta abinci na 'yan sa'o'i, a sa mata ido. In aman ya wuce yini, ko ta ƙi abinci kwana guda cur, ko an san da albasa ko tafarnuwa a abin da ta ci, a tafi asibitin dabbobi tun tana tafiya da ƙafarta, a kuma faɗa wa likita abin da ta ci da lokacin da ta ci. In an je da wuri yana iya sa ta amai ta hanyar da ta dace ya ba ta abin da zai tsotse gubar kafin ta shiga jini. Mu nan muna da asibitin dabbobi na jiha, ga kuma asibitin koyarwa na likitancin dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato in abu ya yi tsanani.

Saura tambayar da yarinyar ta yi mini bayan an sha ruwa: in dai ba ta bukatar ganye, me ya kai ta farantin? Tsofaffi suna cewa mussa ba ta cin ciyawa sai cikinta na ciwo, magani take nema. Wasu masu bincike daga jami'ar nan ta Debis sun tambayi masu kyanwa sama da 1,000, suka gabatar da sakamakon a 2019. Kashi 71 cikin 100 na kyanwoyin an gan su suna cin tsiro aƙalla sau 6, kashi 91 na masu su sun ce ba su ga alamar rashin lafiya kafin cin ba, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ke yin amai bayansa. Abin da masu binciken suka fi karkata gare shi shi ne gado ne daga kakanninta na daji, waɗanda ciyawa ke taimaka wa hanjinsu ya turo tsutsar ciki waje. Wato ɗabi'a ce, ba yunwa ba, ba kuma ciwo ba. In an rufe ta a gida babu ciyawa, duk koren da ta samu shi za ta gwada, ko lansir ne, ko furen da aka dasa a tukunya don ado, wanda wani cikinsu, irin su kariya, ya fi lansir mugunta ƙwarai.

Abin da muka yi a gidanmu mai sauƙi ne. Na ba yarinyar tsohuwar robar fenti, ta huda gindinta, ta cika da ƙasa, ta watsa alkama cikin tafin hannu guda. Cikin kwana 10 ta fito kore shar, tsawon yatsa. Alkama muka zaɓa da gangan, ba dawa ba, domin ɗanyen tsiron dawa yana da gubar da makiyaya suka daɗe da sani. Robar tana nan gefen randa inda ruwa ke ɗiga, mussar takan je da safe ta ɗan tattauna kan ganyen ta wuce. Namanta kuma, ko kan kifi, ko zuciyar kaza, ana cire mata shi ne a tafasa daban cikin ƙaramar tukunya da ruwa zalla, kafin a yanka albasar gida, a ba ta har da romon.